In Agogonka Ya Fara Gudu, Kada Ka Yi Saurin Buɗe Shi

 A wannan wata za mu taɓa wani ɗan abu da yawancinmu ke ɗaure da shi a hannu dare da rana, amma ba mu cika tunawa da shi ba sai ranar da ya yi mana ƙarya, wato agogon hannu, wanda 'yan'uwanmu Larabawa ke ce wa sa'a.

Wani zai ce ai zamanin agogo ya wuce, tunda kowa na da waya a aljihu. To, wanda ya zauna a Gadarif tun daga watan Afrilu na 2023 da yaƙi ya ɓarke ya san amsar wannan magana. Wayar da babu caji ba ta faɗin lokaci, kuma mun ga kwanakin da babu wuta, mun ga watan Fabrairu na 2024 da layukan waya suka ɗauke a kusan duk ƙasar. Balle kuma ɗan'uwanmu da ke kambo a tsakiyar gonakin riɗi da dawa, can wajen Samsam ko Gadambaliya, inda babu ladan babu masallaci kusa. Wannan bawan Allah agogonsa shi ne ladaninsa. In hadari ya rufe rana a damina, ko ƙura ta turnuƙe sama, da agogon zai san shigar la'asar, da shi zai sha ruwa in yana azumi. Malamanmu na Malikiyya kuwa sun faɗa mana, wanda ya sha ruwa yana zaton rana ta faɗi, daga baya ta bayyana ba ta faɗi ba, sai ya rama wannan yini. Sallar da aka yi kafin shigar lokacinta ita ma sai an sake ta. Ke nan agogon da ke gudu ya fi wanda ke jan ƙafa haɗari ga mai azumi. Kuma abin da ya fi sa lafiyayyen agogo ya fara gudu rana tsaka, ba tare da ya faɗi ƙasa ko ya sha ruwa ba, shi ne maganaɗisu, wato mayen ƙarfe.

Kafin mu yi nisa, zan riƙa cewa minti da sakan. Dalili kuwa, kalmar daƙiƙa tana rikita mu a nan: a bakin Bahaushen Kano sakan ce, a bakin Balarabe kuwa minti ce cur.

Agogon hannu iri biyu ne. Akwai mai batir, wanda a kasuwa ake ce wa batirin nasa hajar, akwai kuma mai inji zalla, wanda ake wanawa da hannu ko kuma motsin hannun mai shi ya riƙa wana shi, irin su Seiko 5 da Orient da tsofaffin West End da alhazai suka daɗe suna zuwa da su daga Makka da Jidda. Maganarmu ta fi ƙarfi a kan wannan na biyu.

In ka taɓa leƙa cikin irin wannan agogo a teburin sa'ati, za ka ga wani ɗan zobe yana lilo, ya je dama ya dawo hagu, ba ya hutawa. A tsakiyarsa akwai wata siririyar waya da aka naɗe kamar gammo, wadda ba ta kai kaurin gashin kai ba, tana buɗewa tana tsukewa kamar mai numfashi. Mu kira ta gashi. Wannan zobe da gashinsa su ne ke yanka lokaci gunduwa-gunduwa, sauran ƙafafun da ke ciki ƙidaya kawai suke yi su kai wa hannayen agogo labari. A yawancin Seiko 5 da ke hannun mutanenmu, zoben na bugawa sau 6 a sakan guda, wato sau 21,600 a awa, sau 518,400 a kwana ɗaya. Tsawon gashin shi ke tsayar da saurin bugun. In gashin ya yi tsawo bugun ya yi sanyi, in ya gajarce bugun ya yi sauri, kamar dai tsirkiyar garaya, da zarar ka danne ta ka rage tsawonta sai muryarta ta ƙara kaifi.

To, gashin nan akwai baƙin ƙarfe a cikin haɗinsa. In ya kusanci maganaɗisu mai ƙarfi sai shi ma ya ɗauka, kamar yadda allura ke ɗauka in an goga ta a jikin mayen ƙarfe, har ta riƙa jan 'yar'uwarta. Da ya ɗauka, sai zagayen gammon su fara jan juna, biyu ko uku su manne. Inda ya manne ya daina aiki, ke nan gashin ya gajarce, sai bugun ya ƙaru. Dubi lissafin: in saurin ya ƙaru da kashi 1 kacal cikin 100, agogon zai wuce lokaci da minti 14 da sakan 24 a kwana ɗaya. Wani agogon ribar minti biyu ko uku zai riƙa ci a rana, wani ya fi rabin awa, wani kuma in abin ya yi yawa ya tsaya cik. Mai cin minti uku shi ya fi ban tsoro, don mai shi ba zai farga da wuri ba. Kwana huɗu kawai, ga minti 12, kuma minti 12 kafin faɗuwar rana ai yini ne.

Ina agogo ke gamuwa da wannan abu? Iyayenmu da suka yi zamani da agogo mai wani ba su da maganaɗisu a gida in ban da na cikin rediyo. Abin ya canza ne daga 1984, lokacin da kamfanin Sumitomo na Japan da General Motors na Amurka suka bayyana wani sabon maganaɗisu da ake haɗawa da ƙarfen niyodimiyam. Ɗan guntunsa ya fi tsohon maganaɗisu mai girmansa ƙarfi nesa ba kusa ba, ga shi da araha. Yau yana cikin lasifikar waya, da murfin wayar da ke rufe kansa, da abin saurare na kunne, da maɓallin jakar hannu ta mata, da 'yan akwatunan kiɗa da matasa ke yawo da su. Mutum ya cire agogo zai kwanta, ya ɗora shi a kan waya ko a kan rediyo, sun kwana tare har asuba. A ganina wannan ɗabi'a ita kaɗai ta fi duk sauran dalilai ɓata agogo.

Sai kuma masu sana'a, kuma Gadarif gari ne na inji tun da aka fara noma da tarakta a yankin a tsakiyar shekarun 1940. Mai walda yana riƙe da wayar da wuta mai ƙarfi ke bi ta ciki, kuma duk inda wuta ta bi sai ta haifar da maganaɗisu a kewayenta. Makanike na cusa hannu kusa da dinamo da sitata na tarakta ko lori inji na aiki. Haka mai kula da janareto, da mai tahuna, da mai injin matse man riɗi, da mai gyaran rakasha, da mai ɗaura lasifika a masallaci ko gidan biki. Tela ma da ke tsince allurai da mayen ƙarfe yana ciki. Akwai kuma waɗannan awarwaro masu maganaɗisu da ake tallarsu wai suna maganin sanyin ƙashi. Ba ni da ta cewa a kan maganin, wannan na likitoci ne, amma ɗaura shi a hannu ɗaya da agogo daidai yake da haɗa kura da akuya a ɗaki guda.

Abin daɗin shi ne ƙarfin maganaɗisu na raguwa da sauri ƙwarai in an ja baya. Ga ƙaramin maganaɗisu, in ka ninka nisa sau biyu, ƙarfin na komawa wajen kashi ɗaya cikin takwas. Saboda haka taƙi guda tsakanin agogo da waya ya wadatar. Mai walda da makanike kuwa su cire shi su ajiye nesa da wurin aiki, ko su sayi na roba mai lambobi don aiki.

Masu ƙera agogo sun daɗe suna fama da wannan ciwo. Ana auna ƙarfin maganaɗisu da wani ma'auni da ake kira gaus. Na ƙasar da muke takawa, wanda ke juya allurar kamfas, bai kai gaus ɗaya ba. Ƙa'idar duniya mai lamba ISO 764 ta ce kafin a rubuta a jikin agogo cewa yana jure maganaɗisu, sai ya jure kimanin gaus 60 bai tsaya ba, kuma bayan an cire shi kuskurensa bai ƙaru da fiye da sakan 30 a rana ba. To amma a daidai fuskar ɗan ƙaramin niyodimiyam ana samun dubban gaus. Ka ga ke nan rubutun da ke bayan agogo ba laya ba ce. Wani masani ɗan ƙasar Suwizalan, Charles Édouard Guillaume, wanda ya fito daga gidan masu ƙera agogo, shi ya gano haɗin ƙarfen da ake kira Invar a 1896, daga baya kuma Elinvar, har aka ba shi kyautar Nobel a 1920. Babbar damuwarsa zafi da sanyi ce, amma aikinsa ne ya buɗe hanyar haɗin Nivarox na shekarun 1930, wanda aka yi ta yin gashin agogo da shi, kuma ya rage ɗaukar maganaɗisu sosai, ko da yake bai kashe ta ba. Wasu kuma suka bi ta wata hanya, suka sa injin cikin wani ɗan akwati na tattausan ƙarfe da ke karkatar da maganaɗisu ya bi ta gefe. Haka aka yi wa IWC na matuƙan jiragen yaƙin Ingila a 1948, da Milgauss na Rolex a 1956, mai jure gaus 1,000. A 2013 Omega ta fito da wanda ke jure gaus 15,000, ƙarfin injin hoton asibiti na MRI ke nan, da gashin silikon wanda babu ruwansa da maganaɗisu sam. Sai dai kuɗin ɗaya daga cikin waɗannan zai sayi buhunan dawa masu yawa, don haka mu koma kan namu.

Ta yaya za ka gane agogonka ya ɗauka? Da farko ka auna shi. Ka daidaita shi da lokacin da rediyo ya faɗa, ko na Umdurman ko sashen Hausa na BBC, ka sake dubawa gobe a daidai wannan lokaci. In bambancin bai wuce rabin minti ba, gaba ko baya, lafiyarsa ƙalau, haka irinsu suke. Waɗanda ake ba takardar shaidar ƙwarewa a Suwizalan ma an yarda su yi jinkirin sakan 4 ko saurin sakan 6 a rana. Amma in agogon da ka sani shekara da shekaru ya tashi rana ɗaya yana cin mintoci, to ka nemo kamfas.

Kamfas ɗin ba wuya gare shi ba, shi ne busla. Gidaje da yawa akwai ta maƙale a jikin sallayar da aka zo da ita tsarabar hajji. Ka shimfiɗa ta a ƙasa nesa da ƙarfe, ka jira allurar ta natsu, sa'an nan ka kawo agogon a hankali ta gefe, kana jujjuya shi. A nan akwai inda mutane ke ruɗewa. Allurar ita kanta maganaɗisu ce, saboda haka za ta ɗan karkata zuwa ga kowane baƙin ƙarfe, ko da bai ɗauki komai ba. Ɗan motsi kaɗan ba hujja ba ne. Hujja ita ce ka ga allurar ta yi wuf ta juya da ƙarfi, ko kuma wani gefen agogon ya jawo kanta, ka juya ɗaya gefen ya kore shi. Ƙarfen da bai ɗauka ba ja kawai yake yi, ba ya kora. In ka ga kora, magana ta ƙare.

Tunda mun taɓo busla, ita ma a kiyaye ta daga waya da lasifika, don abin da ke ɓata agogo na iya karkatar da ita. A ƙasar Hausa in an ce mutum ya fuskanci gabas ana nufin alƙibla, har kalmar ta bi mu nan. Amma daga Gadarif Makka tana arewa ne, da karkata ta kusan digiri 30 zuwa gabas.

Yanzu sai magani, kuma a nan ne nake son mai karatu ya buɗe kunne. Cire maganaɗisu daga agogo ba ya bukatar a buɗe shi. Akwai wata 'yar na'ura, ba ta fi sabulun wanka girma ba, naɗin waya ne kawai a cikinta da maɓalli ɗaya. Wutar lantarkinmu na kai da komowa sau 50 a sakan, saboda haka maganaɗisun da naɗin ke haifarwa shi ma yana ta juya fuska, gaba da baya. Sa'ati zai ɗora agogon a kai, ya danna maɓallin, ya riƙa janye agogon a hankali har tsawon hannu, sa'an nan ya saki. Yayin da agogon ke nisa, jujjuyawar na raguwa kaɗan-kaɗan har ta bar ƙarfen babu fuskar da ya riƙe. In ya saki maɓallin agogon na kai, yana iya ƙara masa ciwon maimakon ya cire. Wanda ya tuna tsohuwar talabijin mai ƙusumbi ya san abin: in an ajiye lasifika kusa da ita sai launi ya ɓaci a gefe, in an kashe an sake kunnawa sai ka ji ta yi "dum", launin ya dawo. Wannan aikin ne dai, naɗin waya ne a kewayen gilashin. Duk aikin bai kai minti ɗaya ba. Wani lokaci a maimaita sau biyu ko uku, a sake gwadawa da busla.

Abin takaici shi ne abin da ke faruwa in sa'ati ba shi da wannan na'ura, ko bai yi tunanin maganaɗisu ba. Ka ce masa agogo na gudu, sai ya buɗe baya, ya tura ɗan hannun daidaitawa zuwa alamar ragi. Agogon ya ɗan lafa, ka biya ka tafi. Amma gashin na nan a manne, yau ya saki gobe ya kama, lokacin ba zai taɓa tsayawa wuri ɗaya ba. Ranar da aka cire maganaɗisun kuma sai agogon ya koma jinkiri, don an riga an gusar da ma'auninsa. Wani ma sai ya sa tsinke zai raba zagayen gashin, kuma gashin da ya lanƙwashe sai ƙwararren gaske ke iya miƙe shi. Kayan gyara kuwa, waɗanda a da ake aikawa Khartum a kawo, yaƙi ya sa samunsu ya yi wuya. Ga kuma ƙura. Duk buɗewar da aka yi wa agogo a bakin titi, iska na kaɗawa, an zuba masa abin da zai ci ƙafafunsa a hankali, kuma robar da ke hana ruwa shiga ba ta cika komawa daidai ba.

Ban faɗi wannan don in ɓata sana'ar kowa ba. Masu gyaran agogo a kasuwanninmu, da yawansu 'yan'uwanmu ne, suna aiki da 'yan kayan da ba su taka kara sun karya ba, kuma suna tayar da agogon da a wata ƙasa jefar da shi za a yi. Shawarata gare su ita ce su nemi wannan na'ura, don tana cikin mafi araha a kayan sana'ar, su kuma ajiye busla a kan tebur. Su riƙa bi da sukudireba da hantsakinsu ta kan na'urar lokaci-lokaci, musamman wanda ke haɗa gyaran agogo da na waya ko rediyo a teburi guda, don kayan aikin da suka ɗauka su ne ke shafa wa agogon mutane.

Sai dai a yi adalci, ba kowane gudu ne na maganaɗisu ba. In busla ba ta nuna komai ba, ko an cire amma gudun na nan, to akwai sauran dalilai. Ɗigon mai in ya taɓa gashin yana manne shi daidai yadda maganaɗisu ke yi, kuma wannan na faruwa ne in an cika wa agogo mai, ko an sa masa man keken ɗinki, wanda ba nasa ba ne. Faɗuwa ƙasa na iya sa gashin ya harɗe. Agogon da mansa ya bushe kuma, lilonsa ya yi rauni, yana iya yin gaba ko baya, ya riƙa tsayawa da dare. Waɗannan kam dole a buɗe, a warware injin, a wanke, a sa man agogo na ainihi ɗan kaɗan a kan duwatsun. Masu ƙerawa kan ce a yi haka duk bayan shekara 3 zuwa 5, kuma a garin da zafin bazara ke haura digiri 40 ga ƙura, ni ina ganin gara a riƙi ukun.

Mai agogon batir shi nasa da sauƙi. Seiko ce ta fito da na farko a watan Disamba na 1969, kuma abin da ke yanka lokaci a cikin yawancin na yau wani ɗan dutse ne mai karkarwa sau 32,768 a sakan, kuma maganaɗisu ba ya taɓa shi. Mai lambobi zalla, irin Casio F-91W da ta fito a 1989, kusan babu ruwansa. Amma mai hannaye akwai ɗan ƙaramin moto a cikinsa da ke tura hannun sakan, kuma moton da maganaɗisu yake aiki. In ya kusanci mai ƙarfi sai ya tsaya ko ya yi tsalle, in an janye shi ya ci gaba kamar ba a yi ba, sai dai ya bar ka da lokacin ƙarya. Saboda haka in irin wannan ya yi jinkiri sau ɗaya, ka tuna inda ya kwana, ka daidaita shi, ka ba shi kwana biyu kafin ka sayi sabon hajar. In ka kai shi kusa da busla za ka ga allurar na zabura duk sakan, wannan lafiya ce. Kuma kada a ɗora shi a kan na'urar cire maganaɗisu, don tana iya raunana moton.

Wanda zai tafi kambo wannan damina, ya auna agogonsa da rediyo kwana biyu a jere tun yana gari, ya gwada shi da busla, in akwai gyara a yi kafin lori ya tashi, don in laka ta rufe hanya sai kaka. A can kuma ya sami wurin ajiye shi daban da jakar da rediyo da waya ke ciki. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu, inda za mu duba batirin sola da abin da ke kashe shi tun bai shekara ba.